AMSOSHIN WASIƘUNKU: Miƙaƙƙen Layi, Daga Kunyar Gona Zuwa Harsashin Gini

Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da aka karanta a rediyo mun kawo muku su a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa. A wannan mako mun tsamo wasiƙu uku daga cikin jakarmu, dukkansu daga ƙasar Zazzau. Ko da yake kowa da abin da ya dame shi, wani shuka, wani fili, wani kuma gangare, da muka duba sai muka ga duk tafiyarsu ɗaya ce, watau magana a kan miƙaƙƙen layi. Saboda haka muka haɗa su wuri guda, don amsar wannan tana taimakon amsar wancan.

WASIƘA TA FARKO

Wani manomi daga Samaru ya rubuto yana cewa: "Kullum malaman gona sai su ce mu ja igiya kafin mu yi huɗa ko shuka. Ni kuwa shekara da shekaru da ido nake noma. Ɗana da ke sakandare kuma ya ce wai a littafinsu layi ba shi da kauri, ba shi da ƙarshe. Shin mene ne layin nan, kuma me zai ƙara mini a rumbu?"

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ɗanka bai yi ƙarya ba. Bari mu fara da abin da masu lissafi ke nufi, sa'an nan mu gangaro gona.

Abu na farko shi ne ɗigo. Ɗigo wuri ne kawai, ba shi da tsawo ba shi da faɗi. A gona, fegin da ka kafa shi ne ɗigonka. Idan ka kafa fegi biyu, ka ɗaura igiya a tsakaninsu, ka ja ta ta miƙe sarai, ka sami miƙaƙƙen layi ke nan. Igiya tana da kauri, gaskiya ne, amma abin da muke nufi shi ne hanyar da ta bi, ita kuwa hanyar tsawo kaɗai gare ta. Abin da littafin ɗanka ke faɗi ke nan. Batun rashin ƙarshe kuma, ma'anarsa ita ce babu abin da zai hana ka ƙara igiya ka ci gaba da jan layin gaba ko baya iyakar son ranka. Abin da ke tsakanin fegi biyu guntun layi ne, kuma da guntayen layi muke aiki kullum.

Akwai ƙa'idoji uku da ya kamata kowa ya riƙe.

Ta ɗaya, tsakanin fegi biyu miƙaƙƙen layi ɗaya tak ake iya ja. A kan fegi ɗaya kana iya juya igiya ta fuskanci ko'ina, amma da zarar an kafa na biyu, magana ta ƙare. Shi ya sa iyakar gona da aka ce "daga tsamiyar nan ka miƙe gabas" take jawo rigima, domin gabas ɗin wani ba ita ce gabas ɗin wani ba. Amma in an ce "daga gindin tsamiya zuwa dutsen can", ba mai iya lanƙwasa ta.

Ta biyu, miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta tsakanin wuri biyu. Alal misali, idan ka yi taku 300 gabas, sa'an nan ka karya ka yi taku 400 arewa, ka yi taku 700 ke nan. Wanda ya yanke kai tsaye taku 500 kawai zai yi. Mai noman rani da zai sayi tiyo ko bututu daga bakin rafi zuwa gonarsa, wannan bambancin kuɗi ne a aljihunsa.

Ta uku, miƙaƙƙun layuka biyu in za su haɗu, a wuri ɗaya kaɗai suke haɗuwa. Wannan ita ce dabarar da birkiloli ke yi in sun ja zare biyu sun gicciye juna: inda zaren suka haɗu nan ne kusurwar ɗaki, ko da yara sun tuge fegin da dare.

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. Mutanen Masar na dā da igiya suke sake auna gonakinsu bayan ambaliyar kogin Nilu ta shafe iyakoki. Kalmar da Girkawa suka raɗa wa wannan fanni ma, ma'anarta "awon ƙasa". Wani masani da Larabawa ke kira Uƙlidis, wanda ya zauna a birnin Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya tattara ƙa'idojin a littafi mai kashi 13. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga shekarar 786 zuwa 809. Larabawa suna kiran fannin handasa, daga nan ne kuma suka sami kalmar muhandis, watau injiniya. Kun ga ke nan daga gona ilmin ya fito kafin ya shiga aji.

LAYUKAN DA BA SU HAƊUWA

Yanzu sai batun rumbu. Abin da malamin gona yake nema a gonarka ya wuce layi ɗaya. So yake kunyoyinka duka su zama layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa daga wannan kai zuwa wancan. Irin waɗannan layuka ko ina aka ja su ba za su taɓa haɗuwa ba.

Mutanen Hayin Dogo a nan Samaru ba sai an yi musu dogon bayani ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, wanda ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfe biyu ne a jere, tsakaninsu ƙafa 3 da inci 6, watau milimita 1,067. Haka tazarar take tun daga farko har ƙarshe. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, nasa milimita 1,435 ne, amma ƙa'idar ɗaya ce: in tazarar ta buɗe ko ta tsuke, jirgi ya sauka. In ka tsaya ka hangi dogo daga nesa za ka ga kamar ƙarafan sun haɗe a can gaba, alhali ba su haɗe ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ido yana ruɗin mai shi.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fi sani da IAR, tun 1922 aka kafa ta, kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ne irin masarar nan masu suna SAMMAZ suke fitowa. Tazarar da aka fi ba manoman masara shawara a kai ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin shuka da shuka in ƙwaya ɗaya za a bari a rami. In kuwa biyu za a bari, sai a ba da santimita 50. Ko wanne aka bi, lissafin ɗaya yake bayarwa.

Ga yadda yake. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi, watau kusan eka biyu da rabi. In kunyoyi suna kan santimita 75, za ka sami kunya 133 a cikinsa, kowace kunya da tushe 400. Jimla tushen masara dubu 53 da ɗoriya ke nan. To, a ce da ido aka yi huɗar, kunyoyin suka riƙa buɗewa har tazarar ta koma santimita 90. Bambancin bai kai taƙi ɗaya ba, ba kowa zai lura da shi ba. Amma kunyoyin sun koma 111, tushen masara kuma ya koma dubu 44 da ɗoriya. An yi asarar tushe 8,800, watau kashi ɗaya cikin shida na gonar ya tafi ga ciyawa. Kuɗin hayar gona bai ragu ba, kuɗin noma bai ragu ba, amma zangarniyar da za a karya ta ragu. In kuma kunyoyin tsukewa suka yi, shuka ta cunkushe tana rigimar taki da hasken rana, kara ya yi siriri, iska ta kwantar da shi.

Bugu da ƙari, layi miƙaƙƙe yana sauƙaƙa duk aikin da zai biyo baya. Shanun huɗa ko tarakta suna shiga su fita ba su taka shuka ba. Mai feshi ya san layin da ya bi da wanda bai bi ba. Mai zuba takin zamani yana iya ƙirga kunyoyi ya raba buhu daidai, ba sai taki ya ƙare masa a tsakiyar gona ba. Ko ƙwadago za ka bayar, kunya mai tsawo ɗaya ta fi daɗin ciniki.

YADDA AKE JAN LAYIN

Kayan aikin ba su da tsada: igiya, fegi, da sanda ɗaya da aka yanka daidai santimita 75. A ja layin farko a gefen gonar da ya fi tsawo. Sa'an nan a aza sandan a wannan kai a matsar da fegi, a aza shi a wancan kai a matsar da ɗaya fegin. Sharaɗin shi ne sanda ɗaya za a yi aiki da shi, ko biyu da aka gwada su tsawonsu ɗaya. Kamu da taƙi da gaba duk awo ne na gargajiya masu amfani, amma kamun dogon mutum ba ɗaya yake da na gajere ba. In uba yana wannan kai ɗa yana wancan, kowa yana awo da hannunsa, kunyoyin za su buɗe kamar mafici.

Wani abin lura kuma, sandan awon ya fita daga igiya kai tsaye, kada a karkata shi. Tazarar da ke tsakanin layi biyu ita ce hanya mafi gajarta daga wannan zuwa wancan. In aka kwantar da sandan a karkace, awon zai nuna 75 alhali tazarar ba ta kai ba.

In gonar ta fi igiyar tsawo, sai a nemi sanduna uku dogaye. A kafa ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Mutum ɗaya ya tsaya bayan na farko ya rufe ido ɗaya, abokinsa ya riƙe na uku a tsakiya yana matsawa dama ko hagu, har sai sandan farko ya rufe sauran biyun ba a ganinsu. A nan ido ba ya ruɗi, domin haske a miƙe yake tafiya, kuma an ba idon abin da zai jingina da shi. Haka safiyo-safiyo suke yi da sandunansu masu launin ja da fari. A kuma riƙa jan igiya sosai, domin igiyar da ta yi ciki ko iska ta kaɗa ta ba layi ba ce.

WASIƘA TA BIYU

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya ce: "Na sayi fili ƙafa 50 da ƙafa 100 zan gina shaguna. An auna gefe huɗun a gabana da tef, duk sun cika. Amma birkila ya zo ya ce filin a karkace yake. Yaya fili zai cika awo kuma a ce bai cika ba?"

To, Alhaji, mai yiwuwa ne birkilanka yana da gaskiya, kuma wannan shi ne wurin da mutane da yawa ke cutuwa ba su sani ba. Nemi karan dawa huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, ka ɗaure su a kusurwoyi kamar ƙyauren taga. Ka danna kusurwa ɗaya. Za ka ga ya karkace, filin da ke ciki ya tsuke, alhali ba karan da ya ragu ko da inci ɗaya. Ashe tsawon gefe kaɗai ba ya gaya maka girman fili. Sai an duba kusurwa.

Idan layi biyu suka haɗu, buɗewar da ke tsakaninsu ita ce kusurwa, kuma da digiri ake auna ta. Mutum in ya juya ya dawo inda ya fara fuskanta, ya yi digiri 360. In ya juya ya ba da baya, 180 ke nan. Wanda yake fuskantar gabas ya juya ya fuskanci arewa, ya yi digiri 90. Wannan ita ce kusurwar da ake so a ɗaki da fili, irin wadda ke jikin takarda ko bulo ko sukwayar kafinta. In layi ya gicciye wani a kan digiri 90, kusurwoyi huɗun da ya fitar duk daidai suke da juna.

Kai da kake Sabon Gari kullum kana tafiya a kanta. An yanka unguwar ne zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, shi ya sa titunanta suke a miƙe suna gicciye juna, ba kamar lungunan cikin birni ba. Masu sayar da yadi ma sun san ta. Zaren tsaye da zaren kwance na kowane yadi a kan wannan kusurwa suke, shi ya sa in aka ɗan tsaga bakin yadin auduga aka ja, sai ya yage a miƙe, ya fi yankan almakashin da aka yi da ido. Manoma kuwa tun kaka da kakanni suna da tsarin da suke kira gicci, inda ake jera hatsi a layuka masu nisa da juna suna gicciye kunyoyin gyaɗa ko wake.

Bari mu auna filinka. In kusurwoyinsa daidai suke, 50 sau 100 ya ba ka murabba'in ƙafa 5,000. To, a ce gajerun gefen nan biyu sun kwanta gefe guda da ƙafa 14. Tef zai ci gaba da nuna 50 a jikinsu, amma ainihin faɗin filin, in aka auna shi kai tsaye daga wannan dogon gefe zuwa wancan, ƙafa 48 ne. Filin ya koma 4,800. An rasa 200, wanda ya ɗara ɗaki mai ƙafa 12 da 16. Shago guda ke nan ya salwanta a cikin awon da aka ce ya cika. Ga kuma wahalar gini, domin ɗaki mai karkatacciyar kusurwa sai an yi ta yanke kwano da silin da tayil.

Maganin abin shi ne awon gicciye. A auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta tsakiyar fili, sa'an nan a auna ɗaya gicciyen. In gefe biyu dogaye daidai suke da juna, gajerun ma haka, kuma gicciye biyun suka zo ɗaya, to kusurwoyi huɗun sun daidaita. A fili mai 50 da 100, kowane gicciye ya kamata ya ba da ƙafa 111 da kusan inci 10. A karkataccen filin da muka kwatanta kuwa, ɗaya zai ba da kusan ƙafa 124, ɗaya kuma 98 da rabi. Awon minti biyar ne, kuma kafin a biya kuɗi ya kamata a yi shi.

IGIYA MAI UKU, HUƊU, BIYAR

Wanda zai fitar da kusurwar da kansa kuma ba shi da sukwaya, ga dabara. Sami igiya marar talewa, ka auna mata tsawo 12 da sanda ɗaya. Ko mita ce, ko ƙafa, ko kamu, duk ɗaya ne, muddin sandan bai sake ba. Ka yi ƙulli a kan 3, ka yi wani a kan 7, sa'an nan ka haɗa bakin igiyar biyu a kan 12. Mutum uku su riƙe ƙulli ukun su ja har ko'ina ya miƙe. Za a sami gefe uku, mai 3 da mai 4 da mai 5. Kusurwar da ke tsakanin mai 3 da mai 4 digiri 90 ce cif. A aza wannan ƙullin a kan fegin kusurwa, a kwantar da gefen mai 4 a kan layin da aka riga aka ja, gefen mai 3 zai nuna inda sabon layi zai bi.

Dalilinsa kuwa, 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 goma sha shida ne, in ka haɗa su 25 ke nan, daidai da 5 sau 5. Duk siffa mai gefe uku da lissafinta ya zo haka, tana da kusurwa mai digiri 90. A makaranta ana jingina wannan ƙa'ida ga wani Bagirke mai suna Fisagoras, amma allunan yumɓu da aka tono a ƙasar Iraƙi sun nuna mutanen Babila sun san ta fiye da shekara 1,000 kafin a haife shi. Ita ce kuma ta ba mu taku 500 ɗin nan na amsar farko.

In filin babba ne, a ninka awon: 6 da 8 da 10, ko 30 da 40 da 50. Gwargwadon girman awon, gwargwadon ƙanƙantar kuskure. Ɗaki mai ƙafa 9 da 12, gicciyensa 15 ne. Mai 12 da 16, gicciyensa 20 ne. Sukwayar kafinta tana da kyau a kan katako, amma gajeriya ce, in aka ja dogon layi da ita ɗan kuskuren da ke bakinta sai ya girma a can gaba.

Wani ruɗin da ke kama da wannan shi ne auna gona da kewaye. Gona mai mita 100 da 100 kewayenta 400 ne, hekta ɗaya ce cur. Gona mai mita 150 da 50 ita ma kewayenta 400 ne, amma kashi uku cikin huɗu na hekta ce. Saboda haka wanda zai karɓi jingina ko haya kada ya yarda da "mun zagaya ta taku kaza ce". Tsawo da faɗi za a auna a ninka.

Sai dai Alhaji, igiya ba ta maye gurbin takarda. In ka tabbatar filin ya karkace, ka nemi wanda ya sayar maka da maƙwabta da mai unguwa a zauna tun ba a haƙa harsashi ba. Batun takardun mallaka kuwa na safiyo mai lasisi ne da hukumar KADGIS mai kula da filaye a Jihar Kaduna.

WASIƘA TA UKU

Daga wajen Shika wani mai sauraronmu ya ce: "Na bi shawara na ja kunyoyina a miƙe, amma gonata a gangare take, ruwa ya bi kwarin kunya ya kwashe taki da ƙasa. Ko dai miƙaƙƙen layin ba na kowa ba ne?"

Madalla da wannan tambaya, Malam. Miƙewa daban, fuskantar da aka miƙe daban. Kunyar da ta miƙe daga tudu zuwa kwari hanya ce aka share wa ruwa, kuma mun riga mun ce miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta. Ruwan zai sauka da gudu ya tafi da albarkar gonar. A gangare, kunya gicciye gangaren take yi, domin kowace kunya ta zama ɗan shinge mai tare ruwa har ya nutse. In gangaren shimfiɗaɗɗe ne mai fuska ɗaya, kunyoyin za su fito a miƙe. In kuwa ƙasar tana da ƙusumbi da loko, dole kunya ta lanƙwasa ta bi ƙasar. Abin da ake nema a nan shi ne ko'ina a jikin kunyar ya zama tsayinsa ɗaya, kada wani kai ya fi wani tudu. Amma ko a lanƙwashe, tazarar santimita 75 tana nan.

Yaya za a gane wurare masu tsayi ɗaya? Da layi biyu da Allah ya ba mu kyauta. Zaren da aka ɗaura wa dutse aka sake shi, a tsaye yake sak, shi magina ke gwada bango da shi. Ruwan da ya kwanta a kwano kuma a kwance yake sak, shi ne sirrin lebur da tiyon ruwan birkiloli. Waɗannan biyu, tsaye da kwance, digiri 90 ne tsakaninsu.

Sami sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita bibbiyu, ka ɗaure kawunansu, ka buɗe ƙafafun, ka ɗaura na uku a gicciye a tsakiya ya zama kamar harafin A na boko. Daga ƙoƙuwar ka sako zare da dutse ya wuce sandan tsakiya. Ka tsayar da shi a ƙasa, ka yi alama inda zaren ya tsaya a jikin sandan tsakiya. Sai ka juya shi, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ta hagu ta koma gurbin ta dama, ka sake yin alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce alamar daidaito, sai ka tsaga ta da wuƙa. Daga nan ka fara daga gefen gona. Ka kafa fegi a ƙafa ɗaya, ka riƙa matsar da ɗayar sama ko ƙasa har zare ya faɗa kan tsagar, ka kafa fegi. Ka juya ka ci gaba har ka ƙure gonar. Jerin fegin nan shi ne hanyar kunyarka ta farko. In gangaren yana da ƙarfi, dasa gamba a kan irin wannan layi jefi-jefi yana ƙara riƙe ƙasa.

A TAƘAICE

Fegi biyu suna ba da layi. Sanda ɗaya yana ba da tazara. Igiya mai 3 da 4 da 5 tana ba da kusurwa, awon gicciye kuma ya tabbatar da ita. Zare da dutse suna nuna tsaye da kwance. Duk kayan nan babu wanda ba a samu a gida ko a kasuwar Samaru. Shawararmu ita ce a gwada tun da rani, a tsakar gida ko a fili, a sa yara 'yan makaranta su riƙe ƙulli su yi lissafin, domin in ruwa ya sauka ba mai lokacin koyo. Wanda ya sami wata matsala kuma, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan a wannan mako. Masu wasiƙun da ba su ji tasu ba su yi haƙuri, suna nan a jaka, za mu zo kansu. A riƙa rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya, a kuma bayyana sunan gari sosai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi ciniki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.